Bargon Taga: Labulen da Sanyi da Tsadar Mai Suka Haifa

Ranar 2 ga Fabrairun 1977, mako biyu kacal da rantsar da shi, shugaban Amurka Jimmy Carter ya bayyana a talabijin zaune a gefen murhu, sanye da rigar sanyi ta saƙa. Roƙo ya zo yi wa mutanensa: kowa ya rage na'urar ɗumama gidansa zuwa kimanin digiri 18 da rana, da dare kuma 13. Hunturun wannan shekara ya zo da ƙarfin da tsofaffi suka daɗe ba su ga irinsa ba. A watan Janairu guguwar dusar ƙanƙara ta rufe birnin Buffalo har motoci suka nutse a kan titi, kuma a Miami, garin rana da bakin teku, mutane suka wayi gari suna kallon dusar ƙanƙara tana sauka daga sama. Iskar gas ta yi ƙaranci, aka rufe makarantu da masana'antu a jihohi da dama.

Matsalar ta faro tun Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙasashe ɗanyen mai saboda yaƙin da aka gwabza da Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Wannan tashin farashi shi ne ya cika baitulmalin Najeriya a zamanin da ake rabon kuɗin Udoji, amma a arewa maso gabashin Amurka, inda gidaje da yawa da mai ake ɗumama su, sai ya zama tashin hankali. Da juyin juya halin Iran ya zo a 1979, farashin ya sake ninkawa. Magidanta suka fara zagaya gidajensu suna neman inda ɗumin da suka saya da tsada yake zurarewa.

Ba su sha wahalar nema ba. Taga ce.

Magina a Amurka suna da ma'aunin da suke kira R, wanda ke nuna yadda abu yake tare zafi kada ya ratsa shi. Bangon katako da aka cusa masa abin tare sanyi yakan kai R-11 ko R-13. Gilashin taga mai falle ɗaya kuwa da ƙyar yake kai R-1. Ma'aikatar makamashi ta ƙasar tana ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ɗumin gida ta tagogi yake ficewa. Gidajen da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mai yake araha, an ƙawata su da manyan tagogi masu faɗi don mai gida ya zauna a falo yana kallon lambunsa. Da rana ta faɗi a watan Janairu, wannan kwalliya sai ta koma ƙofar da sanyi ke shigowa.

Labulen da aka saba ratayawa bai magance komai ba, wani lokaci ma ƙara ta'azzara abin yake yi. Iskar da ke tsakanin labule da gilashi takan yi sanyi ta yi nauyi, ta gangaro ta fita ta ƙarƙashin labulen ta bi ƙasan ɗaki. Gurbin da ta bari sai ya jawo iska mai ɗumi ta saman labulen, ita ma ta taɓa gilashi ta huce ta sauko. Haka za a kwana ana yi, ɗaki yana sanyaya kansa. Wanda duk zai rufe taga da yadi, dole yadin ya yi kauri, kuma dole ya manne da bango ta sama da ƙasa da gefe biyu. A nan ne wani tsohon salon labule, wanda Turawa ke dangantawa da Rumawa, ya sami sabon aiki.

Shi wannan labule ba a jan sa gefe. Shimfiɗaɗɗen yadi ne daidai girman taga, ba tattara ko ɗaya, an kafe bakinsa na sama a jikin siririn katako. A bayansa an ɗinke ƙananan zobba a jere, layi-layi daga ƙasa zuwa sama, an zura igiya ta cikin kowane layi. Igiyoyin sukan haɗu a sama su sauko ta gefe guda. Idan aka ja, sai yadin ya riƙa hawa yana ninke kansa falle bisa falle, kamar zanen da aka lanƙwasa za a sa a adaka. Idan aka saki, ya sauko ya miƙe sumul. Yadin da yake ci bai kai rabin na labule mai tattara ba, kuma da yake a miƙe yake, gefensa yana iya kwanciya a jikin bango.

Masu sayar da shi sun fi son su danganta asalinsa da babban filin wasan birnin Rum, Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin sarki Titus. Filin yana ɗaukar 'yan kallo kusan dubu hamsin, kuma ranar bazara a Rum ba ta da sauƙi. Sai aka yi masa wata ƙatuwar rumfa ta yadi da ake shimfiɗawa ana naɗewa da igiyoyi. Har yau ana ganin duwatsun da suka ɓullo a saman bangon waje, inda aka kafa turaku 240 masu riƙe da igiyoyin. Waɗanda ke wannan aiki matuƙan jiragen ruwan yaƙi ne da aka ɗauko daga sansanin Misenum, kusa da Naples, aka yi musu bariki a cikin birni, domin su ne suka san yadda ake sarrafa babban yadi a cikin iska ba tare da ya yage ba. Al'adar ma ta girmi Kolosiyam. Marubucin nan Pliny Babba ya ce Kwintus Katulus ne ya fara yi wa 'yan kallo rumfar lilin, a bikin buɗe haikalin Kafitol a shekara ta 69 kafin haihuwar Annabi Isa. A bangayen Pompeii kuma, garin da tokar dutsen Vesuvius ta binne, an tarar da tallace-tallacen wasanni da ke yi wa jama'a alkawarin cewa za a sa rumfa, don a ja hankalinsu su zo.

Abin da ya haɗa wannan rumfa da labulen taga shi ne dabarar zobe da igiya. Kakan labulen na kusa kuwa yana cikin manyan gidajen Ingila da Faransa na ƙarni na 18. A lokacin an yi yayin dogayen tagogi a jere kusa da juna, babu isasshen bango a tsakaninsu da za a tara labule. Masu ƙawata ɗakuna sai suka riƙa yin labulen siliki da ake ja sama da igiyoyi, su bi ta wasu 'yan gare-gare da ke jikin katakon sama, a ɗaure su a ƙugiyar tagulla a gefen taga. Wannan na attajirai ne, mai kumbura da tattara da geza. Talaka ya sami nasa a ƙarni na 19, musamman bayan 1864 da Stewart Hartshorn ya yi rajistar sandar naɗi mai sifirin a Amurka, wadda ake fizga labule ya naɗe da kansa. Salon Rumawa ya zauna a tsakiya: ya fi na sanda kyan gani, ya fi na attajirai sauƙin ɗinki, kuma mace mai keken ɗinki a gida tana iya yin sa.

Ɗaya rabin labarin, wato ɗinkin cushe, ya fi wannan tsufa da yaɗuwa. A ɗauki yadi biyu, a shimfiɗa auduga ko ulu a tsakaninsu, a bi da allura layi-layi don kada cikin ya tattaru wuri guda. Ba audugar ce kanta ke tare sanyi ba, iskar da ta maƙale a cikinta ce, wadda ba ta da hanyar motsi. A gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan akwai wani bargo da aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, lilin ne da cikin auduga, an zana labarin jarumi Tristan da allura a jikinsa; ɗaya ɓangarensa yana gidan tarihi na Bargello a Florence. Sojojin Turai na wancan zamani suna sa riga mai irin wannan ɗinki a ƙarƙashin sulke. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin lifidi ke nan. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ke nan a daidai shekarun da ake cusa auduga a bargon Tristan a Sisili, maɗinka a Kano suna cusa ta a rigar doki don ta tare kibiya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifida ranar hawan salla ya ga wannan sana'a da idonsa.

A Amurka ɗinkin ya zama na mata, kuma ya haɗu da tattali. Guntayen yadi, tsohon wandon aiki, buhun gari, duk a yanka a harhaɗa su zama fuskar bargo. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, inda jikokin bayi suke noma, hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka a 1937 sun nuna ɗakunan katako da aka liƙe bangonsu da takardun jarida don tare iska. A irin waɗannan ɗakuna bargo ba kayan ado ba ne, shi ne abin da ke tsakanin yaro da ciwon haƙarƙari. Matan wannan ƙauye daga baya duniya ta san su, bayan da aka baje kolin aikinsu a Houston da New York a 2002.

Kafin tsadar mai ta zo, sana'ar ta riga ta fara farfaɗowa. A 1971 gidan zane-zane na Whitney a New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha, daga tarin da Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka yi, kuma jama'a suka yi tururuwa. Bikin cikar ƙasar shekara 200 a 1976 ya sa mata da yawa suka koma neman sana'ar kakanninsu. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙar yankan yadi mai zagayayyen baki da ake turawa a kan faifai, wadda ke yanka falle da yawa a tashi ɗaya, aikin yini ya koma na sa'a. Saboda haka lokacin da sanyi ya matsa, akwai dubban gidaje da keke a ɗaki, da hannun da ya saba da cushe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniyoyi ma ba su zauna ba. Kamfanin Zomeworks na Albuquerque ya yi wata taga mai gilashi biyu wadda da dare inji ke hura ƙananan ƙwayoyin farin soso a tsakaninsu, da safe ya zuƙe su. Wasu suka yi ƙyauren soso da ake cusawa a taga da magariba. William Shurcliff, masanin kimiyyar lissafi da haske a Harvard wanda ya yi aiki a shirin ƙera bam ɗin nukiliya lokacin yaƙi, ya karkata ga wannan fage daga baya, ya fitar da littafi sukutum a 1980 a kan ƙyamare da labulen tare sanyi. A garin Brattleboro na jihar Vermont aka fara ƙera wani labule mai suna Window Quilt, mai falle biyar, wanda gefensa ke bin wata siririyar hanya a jikin taga, yana naɗewa a sanda. Yawancin waɗannan dabaru suna da tsada ko suna bukatar gwani. Wadda ta shiga gidaje da gaske ita ce wadda aka miƙa wa mai allura.

Wani kamfani daga yankin Seattle ya riƙa sayar da yadi mai suna Warm Window a shagunan kayan ɗinki, ana auna wa mai saye da yadi-yadi. Falle huɗu ne aka ɗinke tare: shafi da ke fuskantar gilashi, sai cushe na zaren roba, sai siririyar leda mai hana danshi wucewa, sai wani falle mai ƙyallin ƙarfe da ke mayar da zafi cikin ɗaki. An bi shi da layin ɗinki kowane inci huɗu. Kamfanin ya ce idan an rufe gefe da kyau, taga mai gilashi ɗaya tana tashi daga R-1 zuwa sama da R-7. Abin da ya rage wa uwar gida shi ne ta zaɓi yadin fuska, wanda zai dace da kujerunta, ta haɗa. Ofisoshin wayar da kai na jami'o'in jihohi, waɗanda suka saba koya wa manoma da matan karkara dabarun gida, suka buga 'yan takardu masu zane suna nuna yadda ake yi, shagunan yadi suka buɗe azuzuwa.

Aikin yana da tsari, kuma ba ya yafe ganganci. Awo ne farko, a wurare uku a faɗi da uku a tsawo, domin tagar tsohon gida ba kasafai take daidai ba. A haɗa fuska da cushe ciki na kallon ciki, a ɗinke gefe biyu, a manna 'yan guntayen maganaɗisu a cikin kalmasar gefe, sannan a juya. A ƙasa a bar aljihu a zura sandar ƙarfe, don nauyinta ya ja labulen ya sauko a miƙe ya danne dandamalin taga. Sai zobba. Ana ɗinka su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a kan kowane layin ɗinki na biyu, wato tazarar inci takwas, kuma allurar sai ta ratsa dukkan fallayen ta kamo zare biyu ko uku na fuska, ba tare da ɗinkin ya fito fili ba. Babbar taga tana iya cin zobe hamsin ko fiye. Idan layi ɗaya ya karkace ko da rabin inci ne, labulen zai riƙa hawa a gicciye har ranar da aka kwance shi. A ƙarshe a kafe shi a katako, a zura igiyoyi, a liƙa wani zirin maganaɗisun a jikin katakon taga. Da dare a sauke labule, a bi gefensa da tafin hannu, a ji yana kamawa.

Wannan mannewa ita ce ran aikin, saboda wani dalili da mutane da yawa suka koya da asara. Labule mai kauri yana hana ɗumin ɗaki isa ga gilashi, don haka gilashin yakan fi da sanyi. Idan iskar ɗaki, mai ɗauke da tururin girki da wanka da numfashi, ta sami kafa ta shiga baya, sai ta zama raɓa a jikin gilashi, ta daskare cikin dare, da safe ta narke ta kwarara a kan katako. Hunturu biyu ko uku, fenti ya ɓare, katako ya fara ruɓewa, hunhuna ta kama shafi. Ledar da ke ciki da maganaɗisun da ke gefe su ne maganin wannan. Sannan labulen yana bukatar mutum. Sai an ɗaga shi da safe, musamman a tagar da ke fuskantar kudu, don hasken rana ya shigo ya ɗumama ɗaki kyauta, a kuma sauke shi da zarar rana ta yi ƙasa. Gida mai taga goma sha biyu aiki ne na safe da yamma. Wanda ya yi kasala ya bar su a sauke ya zauna cikin duhu, ya kuma yi asarar zafin rana.

Yabon da ake yi wa wancan zamani yawanci injiniyoyin hasken rana ne ke kwashe shi. Ya kamata a raba da matan da suka zauna da tef da alli suna lissafin ninki, domin su ne suka kai dabarar cikin ɗakunan kwana na talakawa, da kuɗin da bai kai na sauya taga ɗaya ba.

Kasuwar ba ta daɗe tana ci ba. A 1985 kamfanin Hunter Douglas ya fito da labule mai suna Duette, wanda aka ƙera da ramuka irin na saƙar zuma da ke riƙe iska, marar nauyi, mai barin haske ya ratso. A ƙarshen wannan shekara rangwamen harajin da gwamnati ke yi wa masu gyaran gida don tattalin makamashi ya ƙare. A 1986 farashin mai ya rikito ƙasa da dala 15. Masana'antu kuma suka fara fitar da gilashi mai falle biyu da aka shafa masa wani siririn sinadari mai mayar da zafi, ta yadda tagar kanta ta rage zubar da ɗumi. Ƙananan kamfanoni da yawa suka rufe. Labulen cushe ya koma hannun waɗanda sanyi bai taɓa sassauta musu ba: mazauna Maine da Minnesota da Alaska, da masu tsofaffin gidajen da ba su da halin sauya tagogi.

Sai masu harhaɗa barguna suka karɓe shi ta wata fuskar. Gidan mai wannan sana'a gadajensa sukan ƙare kafin bargunan su ƙare, taga kuwa fili ce a tsaye da kowa ke gani. A shekara ta 2000 Terrell Sundermann ta jihar Colorado ta wallafa littafi a kan yadda ake mayar da zanen bargo ya zama labulen Rumawa. Wahalar a nan ta lissafi ce. Bargon gado idan ya fi awo da inci biyu babu wanda zai lura, amma na taga dole ya cika ramin daidai, kuma dole ninkin ya faɗa a kan layin da gidajen zanen suka haɗu, don idan an ɗaga labulen abin da ya rage a fili ya kasance zane ne cikakke, ba tauraron da aka yanke a tsakiya ba. Mai ɗinki takan fara daga tsawon taga, ta raba shi da yawan ninki, daga nan ta san girman kowane gida na zanen. Akwai kuma rana. Yadin auduga mai launi da ya yi shekaru yana kallon hantsi yakan koɗe, zarensa ya mutu, don haka shafi mai kyau ba abin da ake yi wa rowa ba ne. Idan haske ya bugo ta baya kuma, duk wata kalmasa da ke ciki takan fito kamar inuwa, sai an daidaita su an goge su gefe guda tun kafin a rufe.

Babban sauyi na ƙarshe daga igiyar ya zo. Igiyoyin da ke bayan labulen, tsakanin zobe da zobe, yaro mai rarrafe yana iya jawo ɗaya ta zama zarge, ko ya cusa kansa tsakaninta da yadi. A watan Disambar 2009 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, tare da ƙungiyar masana'antun labule, ta yi shelar janye labulen Rumawa da masu naɗewa fiye da miliyan 50 don a gyara su. Hukumar ta ce daga 2006 ta sami rahoton yara biyar da suka mutu a labulen Rumawa, da wasu 16 da suka tsallake rijiya da baya. Turai ta tsaurara ƙa'idarta a 2014, kamfanin IKEA ya daina sayar da labule mai igiya a fili a 2016, kuma daga Disambar 2018 sabuwar ƙa'ida a Amurka ta wajabta cewa labulen da ake sayarwa a shirye a kanti ya zama marar igiya, ko kuma igiyarsa ta kasance inda hannun yaro ba zai kai ba.

Wannan ƙa'ida daidai ce, ko da ta ƙara wa masu ɗinki a gida aiki. Babu inspekta da ke shiga ɗakin keke, don haka nauyin yana kan mai allura. Shagunan kayan ɗinki yanzu suna sayar da siririn kube na yadi da ake zura igiya a ciki a ɗinke shi a kowane zobe, da 'yan makullan roba da ke hana igiya jawuwa ta yi zarge, da ƙugiyar da ake kafawa can sama a naɗe ragowar igiya. Wasu sun bar igiyar ja ɗungurungum, sun koma sandar sifirin irin ta Hartshorn, wasu kuma ƙaramin inji mai batir da ake ɓoyewa a bayan katakon sama. Labulen cushe yana da nauyi fiye da na yadi zalla, ga sandar ƙarfe ga maganaɗisu, saboda haka mai ɗinki takan ɗora wanda ta gama a kan sikeli kafin ta sayi injin da zai iya ɗaga shi, idan kuma tagar ta cika faɗi sai ta raba ta gida biyu, kowane ɓangare da nasa labule.